Azumin da Unguwarmu Ta Yi Kwaɗayin Zogale

Azumin bana ya zo da dama-dama, sai dai tsakar rana da takan ɗan gasa mutum. Ran shida ga wata, bayan la'asar, ina zaune a tsakar gida ina tsinke zogalen da za a yi kwaɗo, sai wayata ta yi ƙara. Ummi ce, 'yata ta fari, daga Ingila. Sunan surukata ta ci, shi ya sa ban taɓa kama sunanta ba. Shekararta bakwai a can tana aikin kula da tsofaffi. Ko gaisuwa ba mu gama ba na ji muryarta ba daidai ba.

"Mama, yau an dizga ni," in ji ta.

Wani tsohon Bature ne maƙwabcinsu, suna ce masa Baba Jon. Kafinta ne da, matarsa ta rasu, shi kaɗai yake zaune. Akwai wani zaure da hukumar garinsu take tara tsofaffi da rana, a ba su abinci mai zafi, su sha ɗumi, mota ta mayar da su gida. Bana an rufe zauren, wai babu kuɗi. Tallafin da ake ba su na ɗumama ɗaki ma an zaftare shi. Ummi ta ce ta hango shi ta taga zaune cikin ɗaki da rigar sanyi har da safar hannu, ga shi duk ya zabge. Sai ta zuba shinkafa a kwano ta ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Na ce, "Da kika miƙa masa, me kika ce?"

"Ce masa na yi na ga tun da aka rufe wurin nan ba ya samun abinci, ga wannan ya taimaka. Wallahi Mama, kallon da ya yi mini. Ya ce shekara hamsin yana aiki yana biyan haraji, shi ba maroƙi ba ne. Ya rufe ƙofa."

"To ai ke kika yi laifi."

"Ni kuma?"

Na ce ta nemi wuri ta zauna, akwai abin da ban taɓa gaya mata ba.

Da a ce shekara arba'in da suka wuce wani ya ce mini za a yi tsoho mai kwana da yunwa a Ingila, da na ce ya je a duba masa kai. Lokacin babansu Ummi yana akawu a wata ma'aikatar gwamnati, muna zaune a kwatas. Shugaban ofishinsu ya je kwas can, ya dawo yana ba da labari cewa a ƙasar can gwamnati ce uwa, ita ce uba: ta ba jariri madara, ta ba marar gida gida, wanda ya rasa aiki ta riƙe shi har ya samu. Mu ma a nan muna da namu ɗan rabon. Ruwan famfo har cikin kicin, magani kyauta, in ka je awon jariri a haɗo ka da madarar gari. Ni dai na ɗauka haka duniya take, kuma haka za ta ci gaba.

Sai aka shiga abin da rediyo yake kira tsuke bakin aljihu. Rana ɗaya Malam, maigidana, ya dawo da takarda a aljihu, an rage ma'aikata, yana ciki. Aka ba mu wa'adin barin kwatas. Muka kwaso kaya zuwa Unguwar Dosa, wadda a lokacin rabinta gonaki ne, muka shiga wani gidan ƙasa mai ɗaki biyu na kawunsa. Abin da gidan ya mallaka shi ne rijiya, da bishiyar zogale guda a bakinta, inda ruwan wanke-wanke yake gangarawa.

Zan faɗi gaskiya a kaina: na shigo unguwar nan da hanci a sama. Ina da kabad cike da kwanukan samira, ina da dutsen guga, na yi firamare har aji bakwai. Matan unguwa suka sa mini suna Matar Akawu, ni kuma na amsa da jin daɗi, ban lura da cewa akwai ɗan yaji a cikin sunan ba.

Daminar baya ba ta yi kyau ba, hatsi ya yi wuya. Shinkafa da sabulu da madara sai an bi layi tun safe, wani lokaci a zo kanka a ce sun ƙare. Ga azumi ya faɗo a tsakiyar bazara. Wanda bai yi azumin shekarun nan ba ba zai gane ba. Tun hantsi kwanon rufi yake fara ƙas-ƙas. Ruwan randa ya koma kamar an ɗora shi a wuta. Kaji su buɗe baki su saki fukafukai a gindin katanga. Kullum da yamma hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, a yi ta kallonsa ana sa rai, sai iska ta zo ta watsa shi, a kwana cikin gumi. Ummi tana wata biyar, duk wuyanta ƙurajen zafi.

Ranar awo na goya ta na taka har asibiti. Malamar ta ɗora ta a ma'auni, ta dubi kati, ta dube ni. Ta ce yarinya ta ragu. Na ce ai nonon ne ya ja baya, a taimaka mini da madara. Ta ce, "Hajiya, an daina kawowa." Ta rubuta mini magani a takarda ta ce in saya a waje. Na ninke takardar na ƙulle a bakin zane, a nan ta zauna har ta yage.

Malam kullum sai ya sa farar rigarsa mai guga ya fita neman aiki. Wata rana ya dawo da mudun garin masara, wata rana mangwaro uku, wata rana sai gajiya. Ya koma shan ruwa a masallaci, wai ya fi lada. Na san don ya bar mini nasa rabon ne, shi ma ya san na sani. Ni kuma na ƙi ajiye azumi duk da ina shayarwa. In na ajiye, me zan ci da ranar? Gara a ce ibada nake yi.

A unguwar akwai al'adar ciyayya. Kafin magariba kwanuka su yi ta kai da kawowa tsakanin gidaje, wannan ƙosai, wancan kunu. Kwanakin farko na shiga da ƙarfina, har da yanga. Da abin ya gagara sai na daina aikawa, na ce wa kowa maigidana ba ya son ciye-ciyen waje.

Ran tara ga wata Larai, matar telan da ke kallon gidanmu, ta yi sallama da kwano a hannu. Mace ce mai kirki, amma bakinta ba shi da linzami. Ta ce, "Matar Akawu, mun ji abin da ya sami maigidanki. Ga wannan sadaka, kya samu ki shayar da 'yar nan, duk ta lalace."

Tuwon dawa ne da miyar kuka, an zuba man shanu. Har yau in na rufe ido ina jin ƙamshinsa. Yawuna ya tsinke. Na ce, "Mun gode, Larai. Mu a ƙoshe muke. Ki kai wa mabukata." Ta juya jiki a sanyaye. Na shiga ɗaki na yi kuka, na ɗauki Ummi na sa mata nono, ta ja, ta ja, ta saki ta tsala ihu. A ranar na fara jin tsoron cewa yarinyar nan za ta mutu a hannuna, kuma duk da haka ban iya tsallaka hanya na ce wa Larai ta dawo da kwanon ba.

Ga wautar da na koma yi. Bayan la'asar kowane gida turmi yake tashi, gidan da aka ji shiru an san babu. Sai na riƙa zuba dusa a turmi ina kirɓawa. Har cilla taɓarya nake yi in tafa, don a ji Matar Akawu tana cikin wadata. Ga azumi, ga zafi, ina ganin duhu-duhu, ina dakan abin da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci.

Bayan katangarmu akwai wata tsohuwa, Goggo Mairo, Bakatsiniya mai sayar da daddawa. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ran sha biyu ga wata ina tsakiyar wannan daka sai na ji sallamarta. Na yi maza na kifa faifai a bakin turmi. Ko kallon wajen ba ta yi ba. Ta wuce kai tsaye bakin rijiya, ta ɗaga kai tana duban bishiya.

"Ashe dukiya gare ki a gidan nan, ɗiyata, kika yi shiru," in ji ta. "Kwana ukku ke nan ina mafarkin kwaɗon zogale. Duk unguwa ya bushe, sai naki. Ki taimaki tsohuwa."

Wani daɗi ya ratsa ni. Rabon da wani ya roƙe ni abu har na manta. Na ɗaura zane na karyo mata rassa masu kyau. Ta lalube jikinta ta ce, "Kin ga tsufa, ko kwano ban zo da shi ba." Na buɗe kabad na ɗauko samira mafi kyau, mai furanni, na cika mata har yana zuba. Ta yi ta sa albarka ta tafi.

Dab da magariba ta dawo da kwanona a rufe, ta dire a gabana. Na ɗaga murfi: kunun kanwa ne mai kauri, yana tururi, da dunƙulen fura biyu a kan murfin.

Na ce, "Goggo, ai da ba ki wahalar da kanki ba. Mu a..."

Ta katse ni. "Ke, a Katsina aka haife ni. Uwata ba ta koya mani maido kwanon mutane wayam ba. So kike a ce Mairo ba ta da tarbiyya?"

Kwanona ne, ni na fara bayarwa, in na ƙi karɓa ni na ci mata fuska. Da ladan ya kira salla na kafa kai. Ina jin kunun nan yana sauka yana bin jikina har yatsun ƙafa, gumi ya karyo mini. Ban bar ko ɗigo ba, furar kuma na ajiye wa Malam ɗaya.

Kashegari ta sake zuwa, Larai na biye da ita kai a ƙasa. Wai ita ma mijinta ya matsa mata da zancen zogale. Ita ma ta manta kwano. Kafin mako ya zagayo gida biyar sun kamu da wannan kwaɗayi, kuma duk cikinsu ba mai tuna ta zo da abin zubawa. Samirata ta watsu a unguwa. Su dawo da tsabar gero, da wake, da garin dawa, wata rana ɗan nono. Har na ce wa Malam, "Ka gani ko? Ba don bishiyata ba, ban san yadda mutanen nan za su yi azumin bana ba." Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Allah ya ƙara wa bishiyar albarka." Sai daga baya na gane irin kallon.

Goggo ce ta sa na ajiye azumi. Ta same ni ina jan ruwa ina layi, ta karɓe gugar ta ce, "Allah da kansa ya ɗauke wa mai shayarwa, ke kin fi shi son ibadar ne? Ki sha ruwa, kya rama bayan yaye." A gabanta na sha.

Da famfon bakin titi ya daina kawo ruwa, sai rijiyarmu ta zama ta kowa. Matan suka ce tunda ruwa yana nan, a kawo aikin nan. Da hantsi a yi surfe, a wanke, a shanya a tabarmi. Bayan azahar a huta a inuwar katanga, ana tsince wake ana gulmar mazan da suka je bin layi suka dawo da sabulu maimakon shinkafa. La'asar na yi a hau daka, mu uku a turmi ɗaya, lugude har sai ƙasa ta amsa. Larai ta iya waƙar daka, ta sa kowa a ciki, ni ma ba ta bar ni ba: Matar Akawu mai dakan boko. Wannan karon na yi dariya. Kowa ta kwashe garinta, kuma kowa sai ta bar ɗan wani abu a turmi, wai hakkin mai turmi ne.

Wata safiya ina shara na ji ƙirjina ya yi nauyi, ya ɗaure. Na duba, gaban rigata ya jiƙe. Na yar da tsintsiya na suri Ummi. Ta kama, na ji tana haɗiya, ƙwat, ƙwat, har ya ɓullo ta gefen bakinta. Ta sha har barci ya ɗauke ta da nonon a baki. Na zauna a wurin ban motsa ba, hawaye na zuba, kaji suka zo suka barbaza sharar da na tara.

Ana shiga goman ƙarshe bishiyar ta zama tsirara, sai sanduna. Hankalina ya tashi, don in babu ganye babu dalilin kwano. Da Goggo ta shigo na ce mata cikin jin nauyi, "Goggo, zogale fa ya ƙare." Ta ce, "To madalla, dama ya fara isata. Babbar tukunyar nan taki nike so ki ara mani, tawa ta tsage." Tukunya ta tafi, ta dawo da dambu a gindinta. Larai ta ari rariya. Wata ta ari dutsen guga don kayan salla. Ban taɓa ganin unguwar da kayan aikinta suka lalace lokaci ɗaya irin wannan ba.

Saura kwana biyu salla, da la'asar, hadarin gabas ya haɗu kamar kullum. Ba wanda ya kula shi, ya sha yaudararmu. Sai iska ta juyo da sanyi, ƙamshin ƙasa ya bugi hanci, aka fara yayyafi manya-manya. Muka ruga kwashe shanya muna karo da juna. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Goggo ta ƙi shiga ɗaki, ta tsaya a tsakar gida da faifai a ka tana cewa a bar ta ta jiƙe. Bayan mako guda zogalen ya fito da toho, tsanwa shar. Malam ya ninke farar riga ya sa a akwati, ya sami ɗan fili ta wajen Rafin Guza kusa da kogi, ya shuka masara. Hannunsa ya yi kanta, amma a daminar nan muka ci namu.

Ranar salla na zuba tuwon shinkafa a samirar nan mai furanni na kai wa Goggo da kaina. Ita ce shigata gidanta ta farko. Ban same ta a tsakar gida ba, sai na zagaya bayan ɗaki. Me zan gani? Bishiyar zogale biyu, sun fi tawa girma, ganye har ƙasa, ga awakinta a ɗaure a gindi suna ta ci.

Ta fito ta gan ni tsaye. Ko a jikinta. Ta ce, "Ni zogale ɓata mani ciki yake. Amma awaki sun gode, sun ce naki ya fi daɗi."

Na ce, "Ashe duk kun sani."

"Shekara hamsin ina daka, ɗiyata. Turmin da ke da hatsi ba ya irin wannan ƙara."

Na ajiye kwanon na fita ko sallama ban yi ba. Kwana uku ina fushi, ina jin an mai da ni abin wasa. Rana ta huɗu ina yi wa Ummi wanka na ga cinyarta ta fara yin gaɓa-gaɓa, sai kunya ta rufe ni. Na je na durƙusa. Goggo ta ce, "Tashi. Da gwamnati ke ba ki madara ba ki ji kunya ba, don ita ba ta da ido. Mu muna da ido, shi ya sa sai mun kau da shi kafin mu miƙa."

Ba zan ce kwano ya maye gurbin asibiti ba. A daminar nan ɗan Larai ya yi zazzaɓi, takardar magani irin tawa aka ba ta, kuma duk karo-karon da muka yi bai zo da wuri ba, yaron ya rasu. Wannan ciwon bai taɓa barinmu ba. Abin da na sani kawai shi ne tawa ta rayu, kuma na san ta hannun da ta rayu.

Da na kai nan, sai Ummi ta tambaye ni.

"Mama, ni ce jaririyar?"

"Da wace ce?"

Na ji tana jan hanci. Na ce ta bar kuka, katin waya ba ruwa ba ne. Ta je ta nemi abin da tsohon nan yake da shi ta roƙa.

"Ai ba shi da komai, Mama."

"Babu wanda ba shi da komai. Matarsa ba ta bar tukunya ba?"

Bayan kwana huɗu ta kira, tun kafin ta yi magana na ji dariya a muryarta. Ta ce ta je ta ce masa za ta yi baƙin shan ruwa, tukunyarta ta yi kaɗan. Ya shiga ya daɗe, ya fito da wata jar tukunyar ƙarfe mai nauyi, yana ta yi mata bayanin yadda ake wanke ta kada a kankare. Da yamma ta mayar masa da ita da dafa-duka har rabi. Ya fara ɗaure fuska, ta ce masa a garinsu ba a mayar da tukunyar aro wayam, in uwarta ta ji ta yi haka sai ta saɓa mata. Ya tsaya yana kallon tukunyar, ya tsaya yana kallonta, sannan ya sa hannu biyu ya karɓa.

"Yau da safe kuma sai ga shi ya ƙwanƙwasa," in ji Ummi. "Ya wanko ta tas, ya ce ko zan sake yin baƙi. Ya ga ƙofar kabad ɗina tana lilo, ya koma ya ɗauko kayan aiki ya gyara. Ya ce in za mu je taron da mutanen unguwa za su yi na neman a buɗe zauren nan mu biyo masa, yana da abin faɗa. Kuma ya ce in tambaye ki wani abu."

"Ni? Me?"

"Wai al'adar nan, babbar tukunya kawai ta shafa, ko har da ƙanana? Yana da guda uku."

Na dubi zogalen da ke bakin rijiya, jikan wancan ne, don har yau a gidan muke. Goggo Mairo ta daɗe a ƙasa, Allah ya haskaka kabarinta. Ni sai da na yi kusan mako uku da fushin kwana uku kafin na gane abin da tsohon nan ya gane a yini ɗaya.

Na ce, "Ki gaya masa ta shafi har cokali. Amma ki rage barkono."